Nomau da Kwalbar da ta Shiga Ƙafar Inna

A ƙauyenmu, Kukar Bawa, gidan da ke jingine da namu na Inna Delu ne, mai man gyaɗa da ƙuliƙuli. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata duk sun yi aure a wasu garuruwa, saura autanta Nomau, da shi kaɗai take zaune. Nomau ƙato ne, ya ba talatin baya, yakan ɗauki buhun gyaɗa da hannu ɗaya yana gaisawa da mutane da ɗayan. Ba ya ƙarya, ba ya sata, ba ya musu. Matsalarsa guda ce: abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ba ya tsayawa ya tambayi kansa abin da mai maganar yake nufi. Mutanen gari wawa suke ce masa. Ni dai maƙwabcinsu ne, kuma na gaji da jin ana ba da labarinsa rabi-rabi, shi ya sa zan faɗe shi yadda na gani.

Ƙafar Inna ita ce jarin gidan. Da ita take takawa kasuwar Laraba da tiren kwalaben mai a ka, da ita take zagaya gidaje da ƙuliƙuli. Ranar da ƙafar ta zauna, tukunya ma ta zauna. Ga shi kuma babu abin da Inna take tsoro kamar asibiti. Ƙawarta Kande ta taɓa jin ciwo a ƙafa, aka yi ta jinya a gida har ƙafar ta lalace, da aka kai ta birni sai yankewa aka yi. Inna ba ta tuna watannin da aka ɓata a gida. Abin da ta riƙe kawai shi ne Kande ta tafi da ƙafa biyu, ta dawo da ɗaya.

Wata rana Inna za ta kai niƙa, sai ta tara wa Nomau kwalaben da take zuba mai, ta ce, "Auta, wanke mini waɗannan. Ciki da waje, kada ka bar inda soso bai taɓa ba."

Ya ce, "To, Inna."

Kowa ya san yadda ake wanke cikin kwalba, tsakuwa ake zubawa da ruwan sabulu a girgiza. Amma Inna soso ta ce. Nomau ya tura soso ta bakin kwalba, ya ƙi shiga. Ya tura da yatsa, ya tura da tsinke, ya ƙi. Ya zauna ya yi tunani iyakar ƙarfinsa, sannan ya ɗauko taɓarya ya bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya ya farfasa. Kowane guntu ya bi shi da soso gaba da baya, ya ɗauraye, ya shanya su reras a tsakar gida. Inna ta dawo da roba a ka, takalminta ya tsinke a hanya ta riƙo shi a hannu, idonta ba ya ƙasa. Daga gidanmu muka jiyo salatinta. Ta zauna daɓas, ta zare babban guntun daga tafin ƙafarta ta dama, jini yana zuba. Amma wani ɗan ƙarami ya karye a ciki. Tana jin sa idan ta taka, ba ta ganin sa, don kwalbar fara ce. Nomau ya tsuguna kusa da ita da guntu ɗaya a hannu, ya ce, "Inna, duba ki gani, ko'ina soso ya taɓa."

Wata rana, kashegarin wannan, Inna tana zaune ta ɗaure ƙafa da tsumma, ta ce, "Kwashe fasassun kwalaben nan ka kai su inda ƙafar mutum ba ta takawa." Nomau ya kwashe su a kwano ya fita. Ya je bola, ya ga sawun yara. Ya je bayan gari, ya ga sawun makiyaya. Ya leƙa gona, ya ga sawun mai gona. Har kan soro ya hau, ya tuna da idonsa ya ga magina suna tattaka shi lokacin yaɓe. Rana ta take, yana ta yawo da kwano. A hanyar dawowa ya bi ta gidan Baffa Jatau, ƙanen mahaifinsa, ya ga babbar rigarsa ta zuwa masallacin Juma'a a shanye a kan igiya. Ya tsaya ya dube ta da kyau, fuskarsa ta washe, ya juye kwanon a aljihu. Ranar Juma'a Baffa ya zura riga, ya ji ta ja shi gefe guda tana ƙara, ya sa hannu zai ciro abin da ke ciki, ya fito da yatsu biyu suna jini. Bai ma tambayi wanda ya yi ba, kai tsaye ya zo gidan Inna yana huci.

"Kai Nomau, ubanka ne ya ce ka mai da aljihuna bola?"

"Baffa, Inna ce ta ce inda ƙafa ba ta takawa. Ka taɓa ganin wanda ya taka aljihu?"

Baffa ya nemi wuri ya zauna. A nan ne ya ga ƙafar Inna, ya ce a riƙa tsoma ta a ruwan ɗumi da gishiri, fata ta yi laushi, kwalbar za ta taso da kanta.

Wata rana Inna ta sa aka ɗora ruwa, aka zuba gishiri, aka juye a babbar tasa. Ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta jingina da bango, ta tsoma ƙafa. Daɗin ɗumin ya ratsa ta, ga shi ciwon ya hana ta barcin kirki, sai ta ce, "Auta, ka lura da ruwan nan, kada ka bari ya huce." Ta lumshe ido, barci ya kwashe ta. Nomau ya zauna yana tsoma yatsa. Da ya ji ɗumin ya fara raguwa, hankalinsa ya tashi. Ya ɗauko duwatsu uku, ya ɗaga tasar a hankali da ƙafar a ciki don kada ya tashe ta, ya ɗora a kai, ya tura kara da ɓawon gyaɗa a ƙasa, ya kawo garwashi ya shiga hurawa. Matata Lantana ce ta shiga aron rariya ta tarar da shi kumatu a kumbure, hayaƙi yana tashi, Inna tana ta barci. Ihun Lantana ne ya tashe ta. Ta fizge ƙafa, tasa ta kife, wuta ta mutu.

"Auta, farfesu za ka yi da ni?"

"A'a, Inna. Ruwan ne zai huce."

Allah ya taƙaita, ƙafar ba ta ƙone ba. Amma kwalbar ma ba ta taso ba.

Wata rana Inna ta ce ita da kanta za ta tono abin, allura kawai take buƙata, nata duk sun yi tsatsa. Ta ce, "Je wurin Sambo tela ka ce ya ba ka allura, kada ka dawo ba ita." Nomau ya tarar da Sambo yana shirin tafiya masallaci. Ya faɗi saƙo. Sambo mutum ne mai son ba'a, ya ce, "Allurar hannu ta ƙare. Saura wadda ke jikin keken ɗinki, ga ta can, in za ka iya ka ɗauka." Ya sa kai ya wuce yana dariya. Nomau ya dubi keken, ya ga ai zai iya. Ya naɗa gammo, ya ɗora shi a ka, da teburinsa da ƙafafunsa na ƙarfe da wandon wani da ake cikin ɗinkawa yana reto. Haka ya ratsa gari. Da aka idar da salla Sambo ya dawo ya tarar da shago wayam, ya bi sawu a guje, hula a hannu, mai wandon yana bin sa a baya. A tsakar gidan Inna suka tarar da keken, Nomau yana tsaye yana haki.

"Inna, ga allurar. Abin da ke jikinta ne ya yi nauyi."

Sambo ya kwance allurar ya ba Inna, don ya san bakinsa ne ya jawo masa. Ta ƙona bakinta a wuta, ta yi ta tono tana cije leɓe har hawaye suka zubo. Takan ji allurar ta gogi wani abu mai ƙarfi, sai ya ƙara nutsewa. Da ta gaji ta mai da tsumma ta ɗaure.

Daga nan abin ya daina ba mu dariya. Ƙafar ta kumbura, ta yi zafi rau, tana sheƙi. Kaluluwa ta fito mata, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Laraba ta zo ta wuce Inna ba ta je kasuwa ba, wata Larabar ma haka. Gyaɗar da aka soya tana nan a buhu ba a niƙa ba. Ni kaina na tsorata, don irin wannan kumburin na gani a ƙafar Kande.

Wata rana Inna ta kira Nomau ta ce, "Ka ga mutanen garin nan, da sun ji za su fara maganar asibiti. Duk wanda ya tambaye ka jikina, ka ce na ce na warke." Nomau ya fita ɗebo ruwa. A bakin rijiya mata suka ce, "Nomau, yaya jikin Inna?" Ya ce, "Ta ce ta warke." Suka ce, "Alhamdu lillahi, har tana takawa?" Ya ce, "A'a, da rarrafe take zuwa bayan gida. Ƙafar ta kai girman turmi, tana wari kaɗan-kaɗan. Amma ta ce ta warke." Kafin ya cika tulu labari ya kai kunnen Baffa Jatau. Ya zo ya ce a ɗaura wa shanu amalanke a kai ta ƙaramin asibitin da ke garin kasuwa. Inna ta ce sai dai a kai gawarta. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, ta juya fuska bango. Da ƙyar aka tsaya a kan a kira Ilu wanzami ya gwada.

Wata rana da hantsi Ilu ya iso da zabirarsa. Ilu ba macuci ba ne, shi ya yi wa rabin mazan garin kaciya, ya ciri ƙaya da sartse ba iyaka. Ya duba ƙafar, ya ce zai ɗan tsaga ya kafa ƙaho, ƙaho zai zuƙo kwalbar. Aka shimfiɗa tabarma a inuwa. A irin wannan aikin dole a sami mai ƙarfi ya danne mara lafiya, don in ya zabura aska tana iya zarcewa. Ba a yi shawara ba, kowa ya dubi Nomau. Inna ta san kanta ba ta da juriyar aska, sai ta kama hannunsa ta ce, "Auta, ka riƙe ƙafar nan da kyau. Ko na yi ihu, ko na zage ka, ko na ce ka saki, kada ka saki sai kwalbar ta fita. Ka ji ni?"

Ya ce, "Na ji, Inna."

Ya zauna ya kama idon sawunta da hannu biyu. Ilu ya tsaga, Inna ta kurma ihu, ƙafar ko motsi ba ta yi ba. Aka kafa ƙaho, ya zuƙa, ya liƙe, aka jira. Da ya cire ya juye baƙin jini da ruwan ciwo a kasko, ya ce, "Alhamdu lillahi, ta biyo jini ta fita." Kowa ya yi hamdala. Inna ta sauke ajiyar zuciya, ta ce, "To, Auta, saki."

Nomau ya leƙa kaskon, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ina take?"

Ilu ya ce, "Ta yi ƙanƙanta, ido ba zai gan ta ba."

Nomau ya sa babban yatsansa ya ɗan danna gefen ciwon. Inna ta yi wata irin ƙara har kaji suka watse. Ya ce, "Tana nan." Ya gyara zama, ya ƙara damƙewa.

Ilu ya ji haushi, ya tattara zabirarsa, ya ce shekara da shekaru yana wannan sana'a ba a taɓa ƙaryata shi ba sai yau, ya fita ko sallama babu. Inna ta ce, "Auta, na ce ka saki." Ya ce, "Kin ce ko kin ce in saki, kada in saki." Ta zage shi, zagin da ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba. Ta ɗauki muciya ta yi ta kwaɗa masa a kafaɗa har hannunta ya gaji. Hawaye suna zuba a idonsa, amma hannunsa yana inda yake. Baffa Jatau ya kama hannu ɗaya, ni na kama ɗaya, muka ja, kamar muna jan reshen kuka. Aka kawo masa tuwo aka ajiye nesa kaɗan don ya miƙa hannu, ya dubi tuwon, ya haɗiye yawu, ya kau da kai. Har liman aka kira. Ya tsuguna ya ce, "Nomau, bin maganar uwa wajibi ne, ga shi ta ce ka saki."

Ya ce, "Allah gafarta Malam, maganarta nake bi. Ta farkon."

Liman ya miƙe ya karkaɗe riga, ya kama hanyarsa.

Azahar ta yi, ta wuce. Abin da ya karya Inna ba zafin ciwo ba ne, ba kuma lallashinmu ba. Tun safe take shan ruwa saboda zazzaɓi. Ta yafito Lantana ta raɗa mata magana a kunne, Lantana ta rufe baki da gyale. Dattijuwa ba ta shiga bayan gida da ƙaton ɗanta riƙe da ƙafarta, ko da sama za ta faɗo. Lantana ta roƙi Nomau ya saki na ɗan lokaci kawai, ya ce ba a ce masa na ɗan lokaci ba. Inna ta dube shi, ta dubi sama. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Jatau, ɗaura shanun. In sun yanke ƙafar, sai ku ba shi ya ci gaba da riƙewa."

Aka kwantar da ita a amalanke, ƙafar tana ta baya. Wuri bai isa Nomau ya hau ba, sai ya bi a ƙasa, a sunkuye, hannu biyu a kan idon sawunta. Haka ya taka tun daga Kukar Bawa har garin kasuwa, ta cikin yashi da burji, in shanu sun yi sauri ya yi sauri. Yara suna bin mu suna dariya. Ni ban yi dariya ba, tausayinsa ne ya kama ni, don na ga yadda bayansa yake rawa saboda gajiya. Inna kuwa tun tana zaginsa har ta koma kuka, tana kiran sunan Kande.

A asibitin muka sami wata malamar jinya, mace mai 'yan shekaru, ba ta da yawan magana. Ta ce kowa ya fita. Muka yi mata bayanin Nomau. Ta dube shi, ta ce, "To, ya tsaya, dama ina neman mai riƙewa." Ta wanke ƙafar, ta yi allurar kashe zafi, ta buɗe wurin kaɗan. Ruwan ciwon da ya fito ba ya faɗuwa. Ta sa hantsaki ta laluba, ta laluba, sai muka ji ƙaramar ƙara a cikin faranti. Ta ce da an ƙara 'yan kwanaki, ita ba za ta iya ba, sai birni, kuma ba ta ce ga abin da za a yi a can ba. Inna ta fahimta, mu ma mun fahimta.

Inna ta ɗaga kai ta ce, "Malama, ƙafar tana nan?"

"Tana nan, Inna. Da ita za ki koma gida."

Malamar ta kawo farantin gaban Nomau. Abin bai kai ƙwayar shinkafa ba, yana ɗan ƙyalli a cikin jini. Ya dube shi, ya dubi uwarsa.

"Inna, ta fita?"

"Ta fita, Auta. Saki."

Ya zo zai saki, yatsun suka ƙi buɗewa, sun sandare tun safe. Inna ta tashi zaune, ta sunkuya, ta riƙa ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya tana murzawa, hawayenta yana ɗiga a bayan hannunsa. Da ta gama, Lantana ta kama ta suka nufi bayan gida da saurin da ban san mai ciwon ƙafa tana da shi ba.

Aka naɗe ƙafar da bandeji, aka yi mata wata allurar, aka ba ta magunguna, aka ce ta riƙa dawowa wanki. La'asar sakaliya muka kamo hanya. Wannan karon Baffa ya sauka ya ja shanu a ƙasa, Nomau ya hau kusa da uwarsa. Amalanke ya faɗa wani rami, Inna ta yi tangal-tangal, ta ce, "Auta, riƙe ni kada in faɗi."

Ya miƙo hannu biyu. Ta yi wuf ta tare su, ido a waje.

"Tsaya! Zuwa ƙofar gida kawai. Ka ji ko? Muna isa ƙofar gida ka saki."

Ya ce, "To, Inna. Ƙofar zaure ko ta ɗaki?"